Shara da magudanan ruwa: Ku tambayi ƙaramar hukuma kafin damina

Duk lokacin da ruwan sama ya cika lungu a Jega, ko leda ta toshe kwalbati a Aliero, sunan gwamna ake fara kira. Mutane da yawa ba su san cewa aikin yana wuyan hukumar da ta fi kusa da su ba.

Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara, kula da magudanan ruwa, samar da banɗakunan jama'a, da tsare kasuwanni da tashoshin mota. Kansiloli kuma suna da ikon yin dokokin tsafta. Amma mai sayar da albasa a Aliero ko manomi a Karaye da ke Maiyama, yaushe aka karanta masa irin wannan doka da Hausa? Ina aka ware masa ya zuba shara? Nawa ne tarar wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa?

Dokar da ke kwance a ofis ba ta hana kowa zuba shara a kwata. Kuma cin tarar mutum kan dokar da bai taɓa ji ba zalunci ne.

Iyayenmu sun san duba-gari domin yana shiga gida-gida yana leƙa randa da masai. Hanyoyin isar da saƙo ma suna nan: masu unguwanni, dagatai, limaman Juma'a, sankira a ranar kasuwa, gidajen rediyo, da WhatsApp da ke aljihun matasa.

Uzurin rashin kuɗi ya ragu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko da aiwatarwar na tafiyar hawainiya, sanarwa ba ta cin kuɗin gina gada.

Jihar Kebbi ta ga ɓarnar ambaliyar 2020 a gonakin shinkafa da gidaje. Ba kowace ambaliya yashe kwata ke hanawa ba, amma yana rage ruwan da ke kwanciya a gindin katangar ƙasa, da sauro, da amai da gudawa.

Shugabannin Jega da Aliero da Maiyama su fitar da dokokinsu na muhalli da Hausa, su liƙa a kasuwanni, su faɗi ranar yashe magudanai. Mu kuma mu tari kansilan mazaɓarmu da tambayar, tun hadari bai haɗo ba.