Kafin a ɗauki hoto, a tambayi mace: yaushe ciwon ke zuwa?

Mace ta yi tari ta ga jini, abin da zai fara zuwa ran kowa a zango shi ne tarin fuka. A gwada majina, a ɗauki hoton ƙirji, a ce ba a ga komai ba. Wata ya zagayo, jinin ya dawo. Daga nan sai maganar ta bar hannun likita, ta koma ta jifa da iskoki.

Alhali akwai cutar da ake kira endometiriyosis, inda tsoka irin wadda ke shimfiɗe cikin mahaifa take tsirowa a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana damun mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, kimanin miliyan 190. Yawanci a mara take zama, amma jefi-jefi takan ɓulla a cibiya, ko tabon tiyatar haihuwa, ko tantanin da ya raba ciki da ƙirji, har ma cikin huhu. Duk inda take, al'ada take bi: ta kumbura, ta yi jini, ta lafa. Wata ma huhunta ne ke sacewa cikin kwana 3 da fara al'ada, galibi na dama.

Na'ura na iya gano ta, amma sai an san inda za a haska da lokacin da za a haska. Ƙullutun cibiya ko na tabon tiyata, sikanin na yau da kullum yakan nuna shi. MRI na ganin tsohon jinin da ya kwanta cikin tsoka. Hoton CT na ƙirji kuwa ya fi amfani idan an ɗauka tana cikin al'ada, don alamun kan ɓace bayanta. To ka ga wadda aka haɗa mata kuɗi da ƙyar ta tafi Kumasi ko Akra a tsakiyar tsarkinta, tana iya dawowa da takarda fes, ciwo na nan daram.

Abin da ke ba ni takaici, babu mai lissafin kwanakinta kamar macen Musulma, saboda salla da azumi. Bayanin na bakinta, kunya ta hana ta faɗa wa likita namiji, shi kuma layi ya yi masa yawa bai tambaya ba.

Laifin ya fi ƙarfi a wajen likita, shi ya karanta abin. Amma ke ma 'yar'uwa, ki rubuta ranar da ciwon ya taso da ranar da kika ajiye salla, wata 3 a jere, ki miƙa masa takardar kafin ya rubuta miki hoto.