Wai TikTok ne ya yi su?



Akwai maganar da ta ishe mu. Da an ambaci The Red Clay Strays, ƙungiyar mawaƙan nan ta garin Mobil a jihar Alabama ta Amurka, sai ka ji an ce ai sa'a suka taka, TikTok ne ya ɗaga su dare ɗaya. Mu dai ba mu yarda ba.

Gaskiya ne waƙarsu "Wondering Why" ta bazu a TikTok a ƙarshen 2023, har ta shiga jerin waƙoƙi 100 na Billboard. To amma yaushe aka yi waƙar? Tana cikin kundinsu na farko, "Moment of Truth", wanda ya fito tun 2022. Babu wani babban kamfani da ya ɗauki nauyinsa, masoyansu ne suka yi karo-karo aka buga. Waƙar ta fi shekara tana nan kafin duniya ta waiwaye ta. Kafin nan kuwa samarin sun yi shekaru suna yawon ƙananan wuraren shaƙatawa na Kudancin Amurka, har da rera waƙoƙin wasu, don a samu na abinci da na mai. Wannan ɓangaren ba ya shiga bidiyon daƙiƙa talatin, shi ya sa masu cewa sa'a ce ba su san da shi ba.

Salon da suke yi, wanda ake kira Amerikana, gauraye ne na kiɗan karkara, bulus, rok da waƙoƙin coci. Salo ne da ake gwada mawaƙi a gaban jama'a, makirufo a hannu. Muryar Brandon Coleman a can ta nuna, ba a waya ba.

A 2024 suka fitar da "Made by These Moments" tare da furodusa Dave Cobb, suka buɗe wa Rolling Stones fage, suka cika zauren Ryman na Nashbil dare uku a jere. A shekarar ce kuma aka ba su kambun "masu tasowa" na Amerikana. Masu tasowa fa! Mutanen da suka kusa shekara goma a kan hanya.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne yadda mu kanmu muke maimaita labarin dare ɗayan nan, don ya fi daɗin ji ga wanda ya rubuta babi uku ya zauna yana ƙirga masu sharhi. Ranar da TikTok ya juyo kansu, ya tarar da kundi kammalalle da ƙungiyar da ta iya tsayuwa a dandali. Da yau za a juyo kanmu, babi nawa za a tarar?