Tsayuwa Gaban Katafila Ba Ragwanci Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu duk lokacin da aka ɗauko zancen Falasɗinu, kuma na gaji da jin ta ana wucewa ba wanda ya tanka. Wai zanga-zangar lumana aikin banza ce. Wai ɗaga kwali gaban soja ragwanci ne. Wai Turawan da ke zuwa ƙauyukan Falasɗinawa su tsaya tare da manoma 'yan neman suna ne, in ma ba 'yan leƙen asiri ba ne. Mai wannan magana yakan faɗe ta ne yana kishingiɗe a majalisa, kofin shayi a hannu, tsakaninsa da shingen sojan Isra'ila mafi kusa akwai hamada sukutum. Da shi nake, kuma ba da wasa ba.

Mu fara da wadda ya kira 'yar neman suna. Rachel Corrie ɗaliba ce Ba'amurkiya daga garin Olympia, shekarunta 23. Ta je Rafah a Zirin Gaza tare da ƙungiyar ISM, wadda Falasɗinawa da wasu baƙi suka kafa a 2001 domin a samu 'yan ƙasashen waje su riƙa tsayawa da jikinsu inda soja ke shirin rushe gida ko tare hanya. Ranar 16 ga Maris 2003 ta tsaya gaban wata katafilar soja da ta nufo gidan wani mai sayar da magani, tana sanye da riga mai ɗaukar ido. Katafilar ta bi ta kanta. Sojoji suka ce direban bai gan ta ba. Abokanta da ke wurin suka ce ya gan ta sarai. Iyayenta suka kai ƙara, aka yi ta jan su shekara da shekaru, a 2012 kotun Haifa ta wanke gwamnati, a 2015 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ɗaukaka ƙarar. Wata guda bai cika da mutuwarta ba, a wannan Rafah ɗin, aka harbi Tom Hurndall ɗan Ingila a ka yana ƙoƙarin janye yara daga inda harsashi ke sauka. Ya yi wata tara bai farfaɗo ba, ya cika a Janairun 2004. Shekara ashirin da ɗaya bayan Rachel, a Satumban 2024, aka harbe Aysenur Eygi, Baturkiya kuma Ba'amurkiya mai shekara 26, a garin Beita kusa da Nablus, wurin zanga-zangar mako-mako kan ƙwacen ƙasa. To, malam, in suna ake nema da wannan hanya, kai me ya hana ka nema?

Amma kada baƙi su rufe mana masu gida, domin nan ne jahilcin ya fi yawa. Mutanenmu da dama sun ɗauka gwagwarmaya ba tare da makami ba wata dabara ce da Turawa suka kawo wa Falasɗinawa don su sanyaya musu jiki. Ƙarya ce. A 1989, lokacin Intifada ta farko, mutanen Beit Sahour, wani gari kusa da Baitalami da yawancin mazaunansa Kiristoci ne, suka ce ba za su ƙara biyan haraji ga gwamnatin da ta mamaye su ba. Soja suka yi wa garin ƙawanya kusan kwana arba'in, suka yanke wayar tarho, suka bi gida-gida da shago-shago suna kwashe kujeru da injuna da kayan sana'a. Mutanen ba su biya ba. A wannan garin ne aka sayi shanu 18 don a daina dogara da madarar Isra'ila, sai hukumar soja ta ce shanun barazana ne ga tsaron ƙasa, aka shiga farautarsu ana ɓoye su daga wannan gida zuwa wancan. Abin dariya ne, amma ka tsaya ka yi tunani a kansa. Rundunar da ke da jiragen yaƙi ta tashi haiƙan neman shanu.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun Agustan 1967, wata biyu bayan mamayar Gaɓar Yamma, soja suka kafa doka mai lamba 101, wadda ta haramta taron mutum goma ko fiye kan abin da ya shafi siyasa sai da izinin kwamanda, hukuncin kuwa ya kai ɗaurin shekara goma. A 1988 suka kori Mubarak Awad daga ƙasar, mutumin da aka haifa a Birnin Ƙudus, wanda duk abin da yake koyarwa shi ne a dasa zaitun, a ƙi biyan haraji, a ci abin da aka noma a gida, kada a ɗauki makami. Ina tambayar mai cewa wannan hanya ba ta da amfani: ka taɓa ganin an kafa doka, an kori mutum daga mahaifarsa, saboda abin da ba ya cizo? Mai mamaya ya fi ka sanin abin da yake tsoro.

Ga misalin da nake so mu daɗe a kansa. Bil'in ƙaramin ƙauye ne yamma da Ramallah, mutanensa ba su kai dubu biyu ba, manoman zaitun ne. Da Isra'ila ta zo gina katangarta, aka ja layin ta yadda zai raba su da kusan rabin gonakinsu, a bar wa unguwar 'yan kama-wuri-zauna da ke gefe filin faɗaɗawa. A Yulin 2004 Kotun Duniya ta riga ta ce gina katangar a cikin yankin da aka mamaye ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa, amma hukuncin bai tsayar da katafila ko ɗaya ba. Daga Fabrairun 2005 mutanen ƙauyen suka fara fita kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su nufi shingen. Wani lokaci su ɗaure kansu da sarƙa a jikin itatuwan zaitun. Wani lokaci su shiga cikin keji ko ganga su zauna kan hanyar injin. Tare da su akwai baƙi daga Turai da Amurka, akwai kuma Yahudawa 'yan Isra'ila da ke barin Tel Aviv su zo su shaƙi barkonon tsohuwa tare da su. Mako bayan mako, damina da rani.

Sun biya da tsada. A Afrilun 2009 aka harbi Bassem Abu Rahmah a ƙirji da gwangwanin hayaƙi mai sa hawaye, ya mutu, hannunsa babu ko tsinke. 'Yar'uwarsa Jawaher ta rasu ranar farko ta 2011 bayan ta shaƙi hayaƙin a zanga-zangar jajibirin ranar, ko da yake soja sun musanta cewa shi ne sanadi. Abdallah Abu Rahmah, malamin makaranta kuma jagoran kwamitin ƙauyen, an ɗaure shi kan tunzura jama'a da shirya taro ba izini. Cikin tuhume-tuhumen da aka fara yi masa har da mallakar makamai, makaman kuwa su ne gwangwanayen hayaƙin da soja suka harba musu, ya tattara ya jera don baƙi su gani. Ko kotun sojan ba ta iya haɗiye wannan ba, ta wanke shi daga ita.

Me suka samu? A Satumban 2007 Kotun Ƙolin Isra'ila ta ce layin katangar a Bil'in ba tsaro ne ya ja shi ba, a sake shi. Gwamnati ta yi ta jan ƙafa har 2011 kafin ta matsar da shingen. Wani sashe na gonakin ya dawo hannun masu shi, sauran na can bayan katanga har yau. A ƙauyen Budrus ma, inda mata suka shiga gaba suna tare injuna a 2003 da 2004, an matsar da layin, mafi yawan gonakinsu suka tsira. Na san abin da za ka ce: wannan ai ɗan guntu ne. Haka ne, guntu ne. Amma je ka faɗa wa manomin da ke tsinkar zaitun a gonar kakansa da aka riga aka yi wa alamar ƙwacewa. Sannan ka lissafa mini taku nawa na ƙasar Falasɗinu zafin bakinka ya dawo da shi.

Akwai hujja mai nauyi a ɓangarenku, kuma ba zan kauce mata ba. Daga 30 ga Maris 2018 dubban mutanen Gaza suka riƙa fita bakin shinge kowace Juma'a suna neman a ɗage musu ƙawanya a kuma bar su su koma garuruwan iyayensu. Akwai masu jifa da duwatsu, akwai masu sakin balan-balan da wuta, amma mafi yawa hannunsu wayam. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga mutum 189 da aka kashe zuwa ƙarshen shekarar, da fiye da 6,000 da harsashi ya raunata. Cikinsu akwai Razan al-Najjar, mai aikin jinya, da farar rigarta ta aiki. Ƙawanyar ba ta ɗagu ba. A Gaɓar Yamma kuwa unguwannin 'yan kama-wuri-zauna sai ƙaruwa suke. Duk wanda ya ce maka hanyar lumana tana cin nasara ko yaushe, ya yaudare ka.

Sai dai ka tambayi kanka me ya sa ta kan faɗi. Mutumin da ya fito ba makami, abu ɗaya ya dogara da shi bayan Allah: idon duniya. Yana caca da ransa ne cewa in an buge shi wani zai gani, wanda ya gani zai ji ciwo, ciwon zai zama matsi a kan mai bugun. In babu mai kallo, ya zama nama kawai. A nan ne laifinmu yake, mu da kafafen yaɗa labaran Yamma da muke zagi kullum. Su suna tambaya da izgili ina Gandhin Falasɗinawa yake, alhali Gandhin na gidan yari ko kabari ba su aiko da kyamara ba. Mu kuma ba ma waiwayar Falasɗinu sai roka ta tashi ko gawarwakin yara sun cika waya. Mutum nawa cikin masu cika baki a majalisunmu suka taɓa jin sunan Bil'in? Ƙauye ya yi shekaru yana fita kowace Juma'a, ba mu ambace shi a huɗuba ko ɗaya ba, sannan mu dawo mu ce hanyarsu ba ta aiki. Kai ka janye tsani, kai kuma kake dariyar wanda ya faɗo.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin ƙarfin wannan makami. A Janairun 1950 Kwame Nkrumah ya kira yajin aiki da ƙauracewa ba tare da tashin hankali ba, Turawan Ingila suka ɗaure shi, a 1951 ya ci zaɓe yana kurkuku, dole suka buɗe masa ƙofa. A 1976 ƙasashen Afirka fiye da ashirin, har da Nijar da Najeriya da Ghana da Chadi da Kamaru da Sudan, suka juya wa wasannin Olympics na Montreal baya saboda an ƙi korar New Zealand, wadda 'yan wasanta suka je ƙasar wariyar launin fata suka buga. 'Yan wasanmu sun yi shekaru suna atisaye, suka tattara jakunkuna suka dawo gida. Ba wanda ya kira su ragwaye. Mulkin wariya bai faɗi a shekarar ba, kuma ba ƙauracewa kaɗai ta kayar da shi ba, amma ta sa shi ya zama kuturu a cikin ƙasashe, har bankuna suka fara gudunsa.

Wannan darasin ne ƙungiyoyin Falasɗinawa fiye da 170 suka ɗauko a Yulin 2005, suka roƙi duniya ta ƙaurace wa kamfanoni da cibiyoyin da ke cin riba da mamaya, ta janye jari, ta sa takunkumi. Su suka roƙa, ba wani ya ƙaƙaba musu ba. Dubi martanin: a 2011 majalisar Isra'ila ta yi dokar hukunta masu kiran ƙauracewa, a 2017 ta yi ta hana su shiga ƙasar, jihohin Amurka fiye da talatin kuma suka bi da nasu dokokin. Har yanzu kana nan kan cewa ba ta cizo?

Saura magana ɗaya da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Masu tsaye tare da Falasɗinawa ba duka Musulmi ba ne, masu zaluntar su kuma ba "Yahudawa" ba ne a dunƙule. B'Tselem, wadda tun 1989 take tattara shaidar abin da soja ke yi a yankunan da aka mamaye, ƙungiyar 'yan Isra'ila ce. Breaking the Silence tsofaffin sojoji ne da suka fito a 2004 suna faɗin abin da hannunsu ya aikata a Hebron. Akwai matasa 'yan shekara 18 da suka zaɓi gidan yari a kan sa kakin soja. Fim ɗin No Other Land, kan rushe ƙauyukan Masafer Yatta, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025, Falasɗinawa biyu da 'yan Isra'ila biyu ne suka haɗa shi. Idan ka hau mumbari ko Facebook kana tsine wa jinsi guda kaf, ka tsine wa waɗannan, ka kuma miƙa wa mai mamaya kyautar da ya fi so, wato hujjar cewa duk mai sukarsa ƙiyayyar Yahudawa ce ke cin sa. Ka kuma manta da Kiristocin Beit Sahour da shanunsu.

Ban isa in zauna nan in tsara wa Bafalasɗine yadda zai yi da wanda ya taka masa wuya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma namu rabon a bayyane yake, kuma ba ya buƙatar biza. A Yulin 2024 Kotun Duniya ta ce zaman Isra'ila a yankunan nan haramtacce ne, kuma wajibi ne ƙasashe kada su taimaka wajen ɗorewarsa. Afirka ta Kudu ta ɗauki lauyoyi ta tafi Hague a Disamban 2023. Gwamnatocinmu fa? Wace yarjejeniya suka sa wa hannu, da wane kamfani, kan wace na'urar tsaro? Wane ɗan majalisa muka taɓa tsarewa da wannan tambaya? Wane gidan rediyo muka matsa wa ya ba mu labarin ƙauyukan da ke fita ba makami, da sunayensu, ba adadin gawa kaɗai ba?

Watan Oktoba na zuwa, lokacin tsinkar zaitun. Manoma a kewayen Nablus da Ramallah za su fita da tsani da shimfiɗa da buhuna, 'yan kama-wuri-zauna za su sauko daga tuddai da sanduna, wasu da bindiga. Tsakaninsu za a samu tsohuwa daga Faransa, da ɗalibi daga Italiya, da wani malamin Yahudawa mai furfura, ba abin da suka riƙe sai waya da gorar ruwa.