Kafin a tayar da dodo daga kabari, a ceci tsuntsayen da ke da sauran numfashi

A watan Janairun 2023 kamfanin Colossal Biosciences na Amurka ya sanar cewa zai dawo da tsuntsun dodo duniya, a daidai lokacin da ya tara dala miliyan 150 daga masu zuba jari. Wannan dodon ba na tatsuniya ba ne mai cinye yara. Wani ƙaton tsuntsu ne da ba ya tashi, wanda ya rayu a tsibirin Morishus da ke Tekun Indiya. Jiragen ruwan Turawan Holan sun sauka tsibirin a 1598, kuma gani na ƙarshe da masana suka fi yarda da shi ya faru ne a 1662.

Kusan duk abin da aka sani game da shi daga ƙashi aka samo. A 1865 wani malamin makaranta, George Clark, ya tono tarin ƙasusuwansa a fadamar Mare aux Songes. A 2002 kuma Beth Shapiro da abokan aikinta suka ciro ƙwayoyin halitta daga ragowar dodon da ke ajiye a Jami'ar Oksfod, sai aka tabbatar cewa ɗan gidan tattabaru ne, kuma danginsa mafi kusa da ke raye ita ce tattabarar Nikoba ta kudu maso gabashin Asiya. Wato kakanninsa da fikafikai suka iso tsibirin. Da suka tarar babu dabbar da ke farautarsu a ƙasa, tashi ya zama wahalar banza, jiki ya yi nauyi, fikafikai suka ƙanƙance.

Haka ta faru a tsibirin Aldabra na Seshels, har sau biyu ma. Binciken Julian Hume da David Martill na 2019 ya nuna cewa wani tsuntsun fadama daga Madagaska ya daina tashi a can, teku ta shanye tsibirin kimanin shekara 136,000 da suka wuce ya hallaka, da ƙasa ta sake fitowa danginsa suka dawo suka sake daina tashi.

Irin wannan bincike ya cancanci kowane kwabo, domin shi ne ya bayyana dalilin da tsuntsayen tsibiri ke saurin ƙarewa. Tsuntsun da ke ƙwai a ƙasa bai san ɓera ba, bai san alade ko biri ba, kuma duk waɗannan jiragen ruwa ne suka kai su Morishus. Masana da dama na ganin ɓarnar da suka yi wa ƙwai da 'yan tsaki ta fi ta masu farauta.

Inda gizo ke saƙar shi ne alkawarin kamfanin. Ba a iya kwafar tsuntsu kamar yadda aka kwafi tunkiya Dolly a 1996, saboda yanayin ƙwansa. Abin da za a yi shi ne a gyara ƙwayoyin halittar tattabarar Nikoba, a dasa su a jikin kaza ta yi ƙwai. Ko an dace, tattabarar da aka yi wa kwaskwarima za a samu, kuma babu uwar da za ta koya mata kiwo. Sannan ina za a sake ta? Dajin asali na Morishus ɗan kaɗan ya rage, ɓeraye da birai kuwa suna nan daram.

A wannan tsibirin dai akwai hanyar da aka gwada ta yi aiki. A 1974 ƙaramin shahon Morishus guda 4 kacal aka san suna raye a daji. Carl Jones da abokan aikinsa suka duƙufa da ƙyanƙyasar ƙwai a hannu, da kafa akwatunan sheƙa, da ɗana wa ɓeraye tarko, har ya kai ɗaruruwa. Tattabarar tsibirin mai ruwan hoda ta taɓa komawa kusan 10 a daji, ita ma haka aka ceto ta.

Magoya bayan Colossal na cewa fasahar za ta amfani tsuntsayen da ke raye, kuma kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da gidauniyar kare namun daji ta Morishus a 2023. Da gaskiyarsu a wani fanni: tattabara mai ruwan hoda na fama da illar auratayyar dangi, kuma ƙwayoyin halittar tsofaffin samfuran gidajen tarihi na iya taimaka mata. To in haka ne, da ita ya kamata a fara, tun tana shawagi a dajin Black River Gorges.