Sharhi: Tsibiran Rairayi a Ƙarƙashin Gadar Kwalkwalawa

Sharhinmu na yau ya gangara bakin gulbi ne.

Duk mai zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya san Kwalkwalawa, don ta nan hanya ta bi. Kullum safiya motocin ɗalibai da 'yan kabu-kabu sai sheƙa gudu suke bisa gada, ba mai duban ƙasa. In ka ga an taka birki, to kifi za a saya. Alhali abin da ke shimfiɗe ƙarƙashin gadar nan, a wasu ƙasashe kuɗin jirgin sama ake kashewa a je a gani.

Da zarar damina ta ɗauke, hunturu ya kama, gulbin Rima yakan ja da baya, ya bar tsibirai na rairayi a tsakiyarsa. Wasu da ƙafa ake isa gare su, wasu sai an nemi mai kwalekwale. Da sassafe, kafin hazo ya washe, za a iske basarke tsaye a bakin jirginsa, ya naɗe birgi a kafaɗa, ya juya jiki sau ɗaya ya watsa shi, ya buɗe kamar faifai kafin ya nutse. In rabo ya rantse, a jawo karfasa da kurungu, wata rana har da tarwaɗa mai kauri. Can gefe, zalɓe na tsaye cikin ruwa da ƙafa guda, shi ma abincinsa yake jira. Balbelu na bin shanun Fulani da aka kawo shayarwa, kirinjijiya kuwa ba ta tashi sai da gayya da kururuwa. A watannin nan ne kuma ake samun baƙin tsuntsaye da ke ƙetaro hamada daga Turai, su yi hunturunsu a fadamun Afirka ta Yamma, su koma kafin shamuwa ta zo da albishirin damina.

Hanyar tafiya a ƙasa ma ba sai an sare daji an yi ta ba. Ƙafafun manoman fadama sun riga sun fitar da ita tun kaka da kakanni, tsakanin fangalin albasa da tattasai da shinkafa, har zuwa wajen Dundaye. Mai tafiya in ya waiwaya zai hango birnin bisa tudunsa, tudun da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a kai a 1809, kusa da inda gulbin Rima da na Sakkwato suka gamu.

To, bari a duba yadda wasu suka yi da nasu. A tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya akwai dajin Jozani, wanda aka mayar gandun ƙasa a 2004. Abin kallonsa wani biri ne mai jan baya, wanda asalinsa na tsibirin ne kaɗai. A da manoma ba su ƙaunar ganinsa, saboda ɓarnar amfanin gona. Da aka fara ba ƙauyukan kewaye wani kaso na kuɗin shiga, aka ɗauki 'ya'yansu aikin yi wa baƙi jagora, sai lissafi ya sauya. Ba wani katafaren gini aka yi a dajin ba: 'yar gadar katako ce ta ratsa itatuwan bakin ruwa, sai mutanen da suka san wurin. Nan gida ma muna da misali. Bikin kamun kifi na Argungu, da ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu, ruwan da ya wuce Kwalkwalawa ne ake yinsa a kai, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

Sai dai gulbi ba abokin wasa ba ne, kuma wanda zai tallata shi dole ya faɗi gaskiya. Mutanen Sakkwato ba su manta da Satumbar 2010 ba, lokacin da ambaliya ta cinye gonaki da ƙauyuka, ta yanke hanyar jami'a, karatu ya tsaya, kwalekwale ya koma motar kowa. Yawan ruwan nan ya danganta da damina da kuma abin da aka sako daga madatsar Goronyo, don haka tsibirin da aka sha shayi a kansa a Janairu, a Agusta ko alamarsa babu. Ga kuma tsargiya, cutar fitsarin jini da ake ɗauka ta hanyar ƙananan dodon koɗi masu zama a ruwa marar gudu. Masu bincike na jami'ar sun sha samun ta a jikin yaran ƙauyukan bakin gulbi. Saboda haka maganar a ce baƙi su zo su yi iyo ba ta ma taso ba. Yawo ne a bakin ruwa, da kallo, da shiga jirgi sanye da rigar kariya.

Akwai kuma abin da mutane ke yi wa gulbin da hannunsu. Leda ta yi wa gaɓa ado, ana ɗibar yashi ba ƙa'ida, wasu masunta na sa taru mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Baƙon da ya tarar da juji ba zai dawo ba, balle ya jawo wani.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukumar Wamakko da jami'ar ba, in sun haɗa kai da sarkin ruwa da dattawan gari. A ware wurin saukar jirage guda, a tanadi rigunan kariya, a sa alamomi a hanyoyin fadama bayan an nemi yardar masu gonaki. Ɗaliban sashen nazarin halittu, waɗanda dama nan suke zuwa ɗibar samfurin ruwa da kifi, su tattara sunayen tsuntsayen wurin da Hausa da Turanci, a buga a ƙaramin littafi. Jagoranci kuwa a bar wa 'ya'yan sarkawa, don su suka san inda ruwa ke da zurfi da inda yashi ke zaftarewa. Makarantun firamare da sakandare na cikin gari su za su zama baƙin farko, tsakanin Disamba da Fabrairu, kafin zafin bazara ya sauko.