Jos Na Da Makaɗa, Masu Gyaran Kayan Kiɗa Ne Suka Yi Ƙaranci

Duk wanda ya taɓa zama a majami'ar COCIN ko ta ECWA a Jos ranar Lahadi, ko ya je bikin aure a Bukuru ko Rayfield inda aka ɗauko makaɗa, ya san wani sauti mai kauri da ke bin ƙarƙashin waƙa, wanda ƙirji kan riga kunne jin sa. Jitar bes ke nan, mai dogon wuya da tsirkiya huɗu ko biyar. Da yawa daga cikin waɗanda ake kaɗawa a garin nan ba sababbi aka saye su ba. Wani ya riga ya sha kiɗa da su a Ingila ko Jamus ko Amurka, aka cusa su cikin kwantena ko cikin tsohuwar mota, suka sauka a Apapa ko Kwatano, suka kwana a kasuwar Alaba ta Legas, sannan suka hau motar dare zuwa Filato. Haka amfilifaya da lasifika da na'urar haɗa sauti. Mutane kan yi wa wannan ciniki kallon raini, su ce kayan gwanjo ne, rufin asirin marar hali. A ganina shi ne ke riƙe da kiɗan Jos, kuma abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin ƙwararrun masu gyara da rashin ƙa'ida tsakanin mai saye da mai sayarwa. Dukansu biyu garin zai iya magance su da kansa, ba sai ya jira dala ta sauko ba.

Kusan duk jitar lantarki da ke kasuwanninmu daga waje take zuwa, saboda haka farashinta na bin dala sau da ƙafa. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ba a fita watan Fabrairun 2024 ba sai da dala ta haura 1,500. Majami'ar da ta yi shekara tana tara baiko don sayen sabuwar Yamaha ko Ibanez ta wayi gari kuɗin hannunta bai kai rabin farashin ba. Saurayin da ke koyon kiɗa a Tudun Wada ko Angwan Rukuba kuwa ba a ma maganarsa. Alhali Jos gari ne da ya saba fitar da mawaƙa fiye da girmansa. A nan aka haifi 2Baba a 1975, a nan aka haifi tagwayen P-Square a 1981, a nan M.I Abaga da Jesse Jagz da Ice Prince da Jeremiah Gyang suka tashi, a nan Panam Percy Paul ya kafa aikinsa na waƙar bishara, kuma tun shekarun 1970 ƙungiyar Sahara All Stars ta sa sunan garin a faifai. Irin wannan yawa ba ya samuwa sai a inda kayan kiɗa ke kusa da hannun ɗan talaka, a majami'a da makaranta da ƙaramin situdiyon unguwa. Idan aka ce sai sabo, to an rufe wa mafi yawan yaran nan ƙofa tun ba su san suna da baiwar ba.

Akwai kuma abin da ya sa jitar bes ta bambanta da sauran kayan lantarki na hannu. Mutumin da ya fara fitar da ita kasuwa da yawa, Leo Fender, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, kuma shi kansa bai iya kaɗa jita ba. Da tunanin mai gyara ya tsara samfurin Precision da ya fito a 1951, da Jazz da ya biyo baya a 1960. Wuyan da sukuru huɗu aka ɗaure shi a jiki, ana iya kwance shi a sa wani. Abin da ke ɗaukar sauti maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Sauran wayoyin 'yan kaɗan ne, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa zai gane kansu cikin ɗan lokaci. Akasarin kamfanonin da suka zo daga baya wannan tsari suka bi. Shi ya sa jitar da ta shekara 40 za ta iya ba da sauti kamar jiya aka ƙera ta, har ma a Turai da Amurka wasu tsofaffin na shekarun 1960 sun fi sababbi tsada nesa ba kusa ba.

To me ke kashe su a Jos? Yanayi ne kan gaba, kuma wannan shi ne abin da masu saye suka fi jahilta. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Daga Afrilu zuwa Oktoba katako na shan laimar damina yana kumbura, da hunturu ya kama kuma iska ta bushe ƙayau sai ya tsuke. Tsirkiya huɗu na bes suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, fiye da nauyin buhun siminti, dare da rana ba hutu. Idan yanayi ya juya sai wuyan ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa har yatsu su gaji, ko ta kwanta tana gogar ƙarafan wuya tana ba da ƙara marar daɗi. Bakin ƙarafan nan kuma ya leƙo yana yankar hannu. A nan ne ake yanke hukunci cewa jita ta mutu, a jingine ta a ɗakin ajiya, a fara neman gudummawar sayen wata. Amma a cikin wuyan akwai sandar ƙarfe mai noti da aka sa musamman saboda wannan matsala, kuma sau da yawa ɗan murɗawa kaɗan, da bai kai rabin juyi ba, shi ne maganin. Wanda bai sani ba kuwa, idan ya sa ƙarfi ya tsinke sandar, to shi ne ya kashe jitar da hannunsa. Amfilifaya ma haka. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka da wuta mai ƙarfin bolt 120 take aiki, tamu kuwa 230 ce, jona ta kai tsaye ba tare da taransifoman rage wuta ba ya isa ya ƙone ta nan take. Ga janareto mai hawa da sauka. Ga kuma ɗabi'ar karya ƙafar filogi ta uku don ya shiga soket, wadda ita ce ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Tsirkiyar bes tana haɗe da jikin amfilifaya, don haka idan wuta ta ɓalle ta jikin makaɗi za ta bi. A 1972 wutar makirfo ta kashe makaɗin jita Leslie Harvey a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya. Mai gyaran da ya san aikinsa yana kare dukiya, yana kuma kare ran yaron da aka miƙa wa jita.

Masu sukar kayan hannu suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa Turawa sun mai da mu juji. Ba mu manta da gubar da aka jibge a garin Koko a 1988 ba, wadda tana cikin abubuwan da suka kai duniya ga yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya gano cewa wajen tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa Najeriya a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki tun daga tashar ruwa. Gaskiya ne, kuma hukumar kare muhalli ta NESREA, da aka kafa a 2007, ya kamata ta ƙara matsa lamba a kan masu shigo da matattun kaya. Sai dai ba a haɗa kowane kaya a kwando ɗaya. Tsohuwar talabijin mai ƙwai ko firjin da ya daina sanyi, ƙarshensu bola da hayaƙi mai guba. Jitar bes katako ce da ƙarfe da 'yar waya, kusan babu wani sashe nata da ba a iya canzawa. Ko a wajen amfilifaya, abin da ke raba wadda za ta ƙara shekara goma tana aiki da wadda za ta tafi bola shi ne ko an sami mai canza mata kafasitar da ta kumbura. Wanda ya damu da shara da gaske, shi ya fi kowa cancantar neman a yawaita masu gyara.

Inda masu wannan sana'a suke da laifi na kansu shi ne wajen gaskiya. Tambarin Fender ɗan rubutu ne da ake mannawa a kan wuya, kuma ba wuya a manna shi a jitar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ta ainihi ba. Ana iya cire abin ɗaukar sauti na asali a sa na araha a rufe, ana iya shafe tsagewar wuya da fenti, ana iya dafa tsohuwar tsirkiya a tafasasshen ruwa ta yi kwana biyu tana ƙara kamar sabuwa. Makaɗi ya dafa tsirkiyarsa don tsimi ba laifi ba ne, sayar da ita da sunan sabuwa shi ne ha'inci. Ciniki ta Jiji da Facebook da WhatsApp ya ƙara buɗe ƙofar, domin hoto ba ya nuna lanƙwasar wuya. Akwai kuma kayan sata, tunda ɗakin ajiyar majami'a da situdiyo wuri ne da ɓarawo ke so. Babu addinin da ake bi a Jos da ya halatta ɓoye aibin kaya. Malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsa, dokar ƙasa kuma ta ɗauki karɓar kayan sata da sani a matsayin laifi. Maganin ba mai tsada ba ne. Kowace jita da amfilifaya ta kirki tana da lambar da kamfani ya buga mata. A rubuta lambar a rasit, a rubuta duk abin da aka canza, a bar mai saye ya jona ya gwada kafin ya biya, kowace majami'a da situdiyo kuma ta ajiye littafin lambobin kayanta. Dillalin da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa ya riga ya gaya maka abin da kake buƙatar sani.

Wasu kuma na ganin canza wa jita kaya ɓata ta ne, wasu na cewa gwanjo ke hana mu ƙera namu. Na farko magana ce ta masu tara kayan tarihi, ba ta shafi makaɗin da zai hau dandamali ran Asabar ba. Jita mai araha da aka sa mata abin ɗaukar sauti mai kyau, aka daidaita wuyanta, aka liƙe wayoyinta da dalma yadda ya kamata, za ta iya yi wa ƙungiyar mawaƙa aikin shekaru. Mutanen Jos ma bai kamata a koya musu wannan ba. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya da shi har rasuwarsa a 2015 irin kayan kiɗan nan ne da ake yi da gwangwanin kifi a rufe da fatar akuya a ɗaura tsirkiya ɗaya. Game da ƙira kuwa, ta hanyar gyara ake kai wa gare ta, kamar yadda tarihin Fender kansa ya nuna. Wanda ya kwance wuya ɗari zai san yadda ake sassaƙa ɗaya. Katakon ma na nahiyarmu ne: dangin maɗaci na cikin itatuwan da kamfanonin waje ke yin jikin jita da su, kuma a 2011 kamfanin Taylor na Amurka ya shiga mallakar wata masana'antar yanka baƙin katako a Yawunde ta Kamaru don ya tabbatar da samun abin shimfiɗawa a fuskar wuya. A kasuwar Katako ta Jos akwai kafintoci masu hannu. Abin da suka rasa shi ne wanda zai nuna musu ma'auni da yadda ake busar da itace don wannan aiki.

Za a ce zamani ya wuce nan, fiyano da kwamfuta sun maye gurbin makaɗa, kamar yadda ake gani a yawancin waƙoƙin finafinan Hausa. A situdiyo hakan ya yi tasiri ƙwarai. Amma sujadar Lahadi da taron bishara da bikin aure a Filato har gobe makaɗa ne ke hawa dandamali, kuma mai gyaran da ya iya amfilifayar bes shi ne zai gyara lasifikar masallaci da ta makarantar Islamiyya da ta mai shela a tasha. Sana'ar ta kowa ce.

Abin da ya fi damuna shi ne duk kayan aikin da ake buƙata suna cikin garin. Hedikwatar ITF, asusun horas da ma'aikata da aka kafa a 1971, a Jos take. Akwai kwalejin fasaha ta gwamnati a Bukuru, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Barkin Ladi. Hedikwatar COCIN da ta ECWA duk a Jos suke, kuma su ke da dubban majami'u masu kayan kiɗa da ke lalacewa a ɗakunan ajiya. Kwas na wata shida da zai haɗa ɗan aikin kafinta da ɗan aikin lantarki, a ɗauko tsofaffin masu gyara da ke garin su koyar a biya su hakkinsu, ba zai ci kuɗin da ya fi ƙarfin ɗaya daga cikin waɗannan hukumomi ba. Ina kira ga ITF da gwamnatin Filato su sa gyaran kayan kiɗa da na sauti cikin sana'o'in da suke horas da matasa a kai. Ina kira ga shugabannin majami'u su fito da abin da ke jingine a ɗakunan ajiyarsu su kai wa mai gyara ya duba kafin a sake yanka wa jama'a kuɗin sayen sabo. Masu sayar da kayan kuma su haɗa kansu su amince da rasit mai lamba tun kafin hunturun bana ya kama.