Horo Kafin Rance ga Masu Fara Kiwon Kifi

Lalle wanda ya yi nazarin halin matasanmu masu shiga kiwon tarwaɗa zai tarar cewa da yawansu sun yi asara ne domin an danƙa musu jari tun ba su san ƙa'idar sauya ruwa ba, balle ware manya daga ƙanana, alhali kuwa tarwaɗa in ta fi 'yar'uwarta girma haɗiye ta take yi.

Saboda haka wajibi ne hukuma ta gabatar da ilmi kafin kuɗi. Ga cibiyar binciken kifi a New Bussa. Me zai hana malamanta su zo bakin madatsar Tiga, su karantar da Hausa a gaban kududdufi?

Amma batun rance, tun da abinci shi ke cinye fiye da rabin abin da mai kiwo ke kashewa, ya fi maslaha Bankin Manoma ya ba da buhunan abinci maimakon tsaba, ya jinkirta biya har wata 6, lokacin da kifi ya isa sayarwa, kuma bisa sharaɗin murabaha, ba kuɗin ruwa, domin bayin Allah da dama tsoron kuɗin ruwa ne ya hana su karɓa.